Ragon Layya da Hannun Yaya

Wata uku da suka wuce wani abokina ya turo sanarwa a zauren WhatsApp na ajinmu: gasar labarin yara ƴan ƙasa da shekara 12, ana aikawa ta intanet, da Faransanci ko da harshen gida. Wanda ya zo na ɗaya zai samu jaka hamsin da littattafai. Nan take na tuna da ƙanwata, ƴar ajin CM1, wadda in ta buɗe baki da dare ba mai barci a ɗakin Inna sai ta ƙare. Da na je hutu Damagaram sai na ce ta ba ni labari ɗaya na kanta, ban da gatanar da muka gada wurin Kaka. Na ɗauki muryarta da salula.

Labarin wani ragon layya ne da ya ji mai gida yana wasa wuƙa. Ya tsinke igiya, ya hau kabu-kabu, ya je tasha, aka ce ya kawo kuɗin mota, ba shi da ko dala. Ya ɓuya cikin Birni har yunwa ta kama shi, ya tuna da dusar gida, ya komo da ƙafarsa. Aka yanka shi. Ta rufe da cewa: "Ni na ci hantar, kuma ta yi daɗi."

Ni kuwa mai karatun ilimin harshe, na zauna da kwamfuta na shiga aiki. "Tahi" da "hita" na mayar da su "tafi" da "fita". "Kuma sai" ɗin da ta jera sau ashirin na rage shi zuwa uku. Na zuba karin magana biyu. Daga ƙarshe na ga ba za a ci gasa da yankan rago ba, sai na sa mai gida ya ji tausayi ya bar shi, na ɗora darasi a kan jin ƙan dabbobi. Da na karanta mata, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: "Yaya, amma ai an yanka shi."

A shafin aikawa akwai wani ɗan gida da ake dannawa, wai na tabbatar labarin aikin yaron ne da kansa. A nan hannuna ya tsaya. Tambayar da nake so mu duba tare, ƴan'uwana ɗalibai, ita ce: in babba ya taimaki yaro shiga gasa, ina taimako ya ƙare, ina ƙarya ta fara?

Bari in fara da hujjojin da na ba kaina, don ba na banza ba ne. Na ɗaya, ba marubucin da ba a gyara wa. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ma ta hanyar gasa ya kafu: a 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya nemi malamai su rubuto labarai, daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma duk sun bi ta hannun mai gyara. Na biyu, sauran yaran ma wa ya san hannun wa ke cikin nasu? Ɗan likita a Yamai zai samu mai goge masa Faransanci, to don me tawa ƙanwar za ta shiga fage ba shiri? Na uku, jaka hamsin a gidanmu ba wasa ba ce. Kayan lakwal na shekara ne, har da canji.

Amma hujjar farko ita ce ta fara juyo mini. Cikin littattafan wancan zubi akwai Jiki Magayi, kuma sunaye biyu ne a kansa: John Tafida da East. Wato inda hannun mai gyara ya yi nauyi, an faɗa. Ni kuwa so nake hannuna ya yi nauyi, sunana ya ɓuya.

Akwai kuma wani yaro na ƙasarmu da ya kamata mu riƙa tunawa. Dorugu, haifaffen yankin Damagaram, an kama shi bauta yana ƙarami, aka ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tambutu, sannan ya je Ingila a 1855. A can, yana ɗan saurayi, ya faɗa wa J. F. Schön labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa. Su ne suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Sunan Schön ne a bango, wannan gaskiya ne, kuma abin a yi magana a kai ne. Sai dai a ciki an ce Dorugu ne ya faɗi labarinsa, kuma har yau masu nazari suna komawa can don su ji Hausar bakin ɗan Damagaram na wancan zamani. Da a ce an goge masa harshe an ƙaga masa darasi, me za mu tarar? Bature ɗan mishan ya bar wa yaron muryarsa, ni ɗan ciki ɗaya na kasa barin wa ƙanwata tata.

Da na natsu sai na ga aiki uku na yi, na haɗa su na kira su gyara. Akwai rubutawa: ita ta faɗa, ni na buga. Wannan aron hannu ne, ba laifi, muddin an faɗa. Akwai ƙa'idar rubutu: raba kalmomi, sa aya, tabbatar ƙ da ɗ da ƴ sun fito da lanƙwasarsu don kada "ƙafa" ta zama "kafa". Wannan ma kare maganarta ne. Na ukun shi ne canza abin da ta ce: kalmarta, karin harshenta, ƙarshen labarinta. "Tahi" ba kuskure ba ne, haka ake faɗa a gidanmu, kuma mu da muke zama aji ana koya mana cewa ba karin harshen da ya fi wani, mu ne bai kamata mu manta ba. Ƙarshen labarin kuwa shi ne duk abin da ta gani da idonta: ta so ragon, aka yanka shi, ta ci, ta ji daɗi, kuma ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Ni na sauya wannan da wa'azin da na zaci alƙalan gasa za su so.

Hujja ta biyu, wai kowa na yi, ita ce dai wadda muke ji a bakin masu satar amsa ranar jarrabawar BEPC. In gaskiya ne kowa na yi, to gasar ta zama ta yayye da iyaye sanye da rigar yara, kuma wanda zai sha ƙasa shi ne yaron da ba shi da yaya a jami'a. Wannan yaron ma yana da hakki a kaina, ko da ban san shi ba.

Ta ukun ce ta fi ciwo, kuma ba zan ce na gama da ita ba. Mai ƙoshi ne kawai zai ce kuɗi ba komai ba ne. Amma na auna abin da zan sayar. In ta ci da labarina, ta koyi abu biyu tana ƴar shekara goma: cewa nata bai isa ba, da cewa ana karɓar yabo a kan aikin wani. In aka ɗora hotonta da sunanta a intanet, abin zai zauna can ya jira ta har ta girma. Kuma ita ba ta san me ake dannawa da sunanta ba, ni ne amintaccenta.

Ga ma'aunin da na tsaya a kai, ga duk wanda zai taimaki ƙane ko ɗalibi. Ka karanta wa yaron abin da ka rubuta, jimla bayan jimla. Duk inda ya ce "haka na ce", bar shi. Duk inda ya yi shiru yana kallonka, naka ne, cire shi. Ka karanta sharuɗɗan gasar kafin ka ba da hoto ko takardar haihuwa, ka gaya wa iyaye abin da ke ciki. In akwai wurin bayani, ka rubuta wanda ya buga.

Haka muka yi. Na koma ga muryar da ke salula, muka maido da "kuma sai" guda goma sha ɗaya, don ita da kanta ta ce sauran sun yi yawa. Aka yanka rago. Na rubuta a ƙasa cewa ita ta faɗa, yayanta ya buga. Sakamako bai fito ba tukuna, kuma duk sa'ad da na kira gida sai Inna ta tambaye ni labarin jaka hamsin. Ƙanwar tawa kuwa ta aiko mini da sabon saƙon murya na minti tara, a kan wata kaza, da gargaɗin kada in taɓa ƙarshen.