Aikin da Ba Shi da Ranar Tashi

Yawancin ƙwallon ƙauye a filin makarantar firamare ake buga ta, kuma haka abin yake a Kebbe da garuruwan ƙasarta irin su Kuchi da Girkau da Margai da Ungushi. Mutum 22 ake gani cikin fili. Amma kafin a busa usur, akwai wanda ya tsince ƙaya da tsakuwa, wani ya ɗebo toka ya ja layi, wani ya kai ƙwallo wajen mai faci an ba ta iska, wani kuma ya wanke riguna da sabulunsa. Ba wanda ke biyansu ko sisi. Idan ka ji an ce kulob ɗin unguwa kaza ya mutu, bincika da kyau: 'yan wasa suna nan, masu wannan hidima ne suka janye jiki ɗaya bayan ɗaya.

Abin mamaki, mutanen da suka gagari kulob su ne waɗanda ba sa ƙin gayya. A kira su noman gero a gonar wani dattijo, za ka gan su da sassafe da hauya a kafaɗa. Ashe ba ƙyuya ce ke damunsu ba. Mai gayya yakan taka har ƙofar gidanka ya gaya maka da baki. Ka san ranar, ka san gonar, ka san iyakarta. Rana ta take za a kawo fura, in da makaɗi ya kama sunanka da na mahaifinka kowa ya ji. Babban abin kuma shi ne, aikin yana ƙarewa, kowa ya wanke ƙafa ya koma gida, da sanin cewa ran da tasa ta taso za a zo masa.

Kulob kuwa cewa yake yi, "Duk mai son taimakawa ya fito." Wannan kira ba na kowa ba ne, shi ya sa ba mai amsawa. Wanda tsautsayi ya sa ya amsa, shi ke nan an samu. Bana shi ne mai ɗebo ruwa, baɗi an ƙara masa tara kuɗin karo-karo, ran da alƙalin wasa bai zo ba a miƙa masa usur ya sha zagi. Ba a taɓa gaya masa ranar da zai sauke ba, don haka hanyar hutu guda ta rage masa, wato ya daina zuwa. Da kyaftin zai same shi ya ce, "Yaya, ruwan wasannin Juma'a kawai muke so ka riƙe mana, daga yanzu zuwa Babbar Salla," da wuya ya ƙi, kuma da Salla ta wuce mai yiwuwa shi da kansa zai ce a bar masa.

Ko manyan duniya da wannan dabarar suke aiki. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar an ɗauki masu aikin sa-kai 20,000 ba albashi, amma kowa an ba shi riga, da abinci, da wurin da zai tsaya, da lokacin da zai tashi.

Sai maganar lokaci, wadda masu shirya gasa daga birni ba su cika kula da ita ba. Daga Yuni zuwa kaka, saurayin Kebbe na gona ne. An gama girbi kuma, wasu sun ɗaure jaka sun tafi cin rani. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Tun cikin shekarun 1950 wani Baturen Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazarin masu cin rani da ke fita daga lardin. Kulob ɗin da ya ɗora komai a kan saurayi ɗaya, ran da ya hau mota to har littafin kuɗi ya bi shi. A ganina ma'aji da mai ajiye kaya su zama mutanen da ba sa motsawa: tela, mai shago, malamin makaranta. Samari su riƙe abin da ake iya miƙa wa wani cikin yini ɗaya.

Kuɗi ma suna kora, kuma yawansu ya fi rashinsu ɓarna. Zaɓe na ƙaratowa ake ganin kofuna da riguna masu hoton ɗan takara. An gani kafin zaɓen 2023, ba kuwa za a fasa ba. Ba laifi a karɓa. Amma idan aka kai wa shugaban kulob ambulan, wanda ya shekara yana wankin riguna bai ji ko nawa ne a ciki ba, ba zai yi faɗa ba. Zai ce aiki ne ya yi masa yawa. Maganinsa ba tsada: bayan kowane wasa ma'aji ya tsaya a gindin raga ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin man babur, da ƙarfi yadda na baya zai ji. A nan kuma a kira sunan wanda ya ja layi da wanda ya kawo ruwa, kafin a kai ga wanda ya ci ƙwallo.

Yaran nan 'yan shekara 12 da ke bin ƙwallo cikin gonar dawa in ta fita, su ma a rubuta sunansu a littafi, a ba kowa ranarsa, a kuma nemi izinin mahaifinsa tukuna, don kada abin ya ci karo da Islamiyya.