Ministan Shari'a, Baran Wane Ne?

Bari mu yi tunani kaɗan a kan Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya wadda ke Abuja. Shugabanta shi ne Antoni Janar, watau babban lauyan ƙasa. Wanda ya fara riƙe wannan muƙami sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960 shi ne Taslim Elias.

Ba dukan laifi ne ke zuwa gabansa ba. Idan mutum ya saci rake a Kudan, ko ya doki wani a kasuwar Makarfi, wannan yana hannun Antoni Janar na Jihar Kaduna. Amma idan aka kama mutum a Ikara yana buga jabun kuɗi, dokar tarayya ya karya.

Sashe na 174 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi iko uku a kan laifuffukan tarayya: ya kai ƙara, ya karɓe ƙarar da wani ya fara, ya kuma tsai da ita kafin a yanke hukunci. A 1983, cikin shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce idan Antoni Janar ya janye ƙara, alƙali ba shi da ikon tambayarsa dalili.

To, ga wuyar al'amarin. Sashe na 150 ya ce wannan mutum minista ne kuma. Shugaban ƙasa ne ya naɗa shi, yana kuwa da ikon tuɓe shi. Ran da abokin shugaba ya ci dukiyar jama'a, ƙaƙa ministan za ya yi? Waɗansu za su ce, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Gaskiya ne, amma ladan nan daga ina ya fito? Daga aljihun jama'a ne, da manomin rake da mai tallar tumatir. Ashe su ne iyayengijinsa, su ya kamata ya yi wa askin.

Ƙasar Kenya ta raba ayyukan nan biyu a 2010, ta ba mai kai ƙara ofis na kansa. Mu ba mu raba ba tukuna, saboda haka nauyin ya sauka a kan zuciyar mutum ɗaya. Doka ta umurce shi ya dubi amfanin jama'a da adalci, amma takarda ba ta iya ba mutum ƙarfin zuciya. Wajibi ne fa mu riƙa kasa kunne, mu tambayi wakilanmu dalili duk lokacin da aka janye ƙarar wani babba. Gama idan talaka ya ga ana sakin mai ƙarfi ana ɗaure marar gata, ba za ya ƙara kai kukansa kotu ba.