A Ba Shi, a Rufa Masa Asiri

A azumin da ya wuce na tsaya a gefen wani fili a unguwarmu inda ake rabon kayan abinci. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura wani makeken ƙyalle mai ɗauke da hoton mai rabon. Kayan kuwa ba su wuce kwanon shinkafa da taliya da ɗan sukari a leda ba. Can cikin layi na hango wani dattijo, tsohon malamin firamare, wanda yawancin samarin unguwar a hannunsa suka koyi karatu. Ya sa farar rigarsa, wankakkiya, an goge ta tsaf, yana tsaye kansa a sunkuye. Da layi ya zo kansa, sai wani yaro mai waya a hannu ya ce, "Baba, ɗago kai mana. Ɗaga ledar sama, ka ce Allah ya saka wa Alhaji." Dattijon ya ɗago, ya faɗa. Aka ce murya ba ta fita ba, a sake. Ya sake. Kafin a sha ruwa, bidiyon ya karaɗe WhatsApp ɗin unguwa, kuma babu shakka ya isa gidajen da ya aurar da 'ya'yansa.

Rufin asiri shi ne mutum ya ci, ya sha, ya suturta iyalinsa, duniya ba ta san yadda aka yi ba. Shi ne abin da talaka da mai kuɗi suke roƙo bayan kowace salla. Wanda bai zauna cikin mutane ba, ba zai san irin wahalar da ake sha a kansa ba. Matar gida takan zaro atamfar lefenta daga ƙasan akwati ta miƙa wa dillaliya, ta ce, "Don Allah, Iya, kada ki faɗi ta wace ce." Magidanci yakan ɗauki kekensa ya wuce kasuwar unguwarsu, ya je can inda ba a san fuskarsa ba ya sayar. Akwai wanda aikinsa ya ƙare tun bara, amma kullum da safe sai ya yi wanka ya sa hula ya fita, don kada yara su ga ubansu a zaune, kada maƙwabta su fara ƙirga masa kwana. Ka gaishe shi, ka ce ya gida, ya ce maka lafiya lau, alhamdulillahi, alhali daren jiya garin kwaki aka jiƙa. Wasu kan kira wannan girman kai. Ni ban yarda ba. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 273 cikin Suratul Baƙara, ya yabi matalautan da saboda kamewarsu wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne, ya kuma nuna cewa su ne ya kamata a nema a ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, irin waɗannan mutane suka ƙaru. 'Yan fansho, malaman makaranta, teloli, ƙananan ma'aikata, zawarawa masu marayu. Mutanen da a da su ne ake zuwa wurinsu. Ranar da irin wannan mutum ya shiga layin rabo, ka tabbata ya sayar da duk abin da zai sayaru, ya ci bashi har ya ji kunyar komawa, ya kwana yana juyi kafin ya yanke shawarar fitowa. Abu ɗaya ya rage masa, fuskarsa a idon jama'a, sai kuma a ce ita za a karɓa kafin a miƙa masa leda.

To kai mai kyamara, ciniki ka yi, kuma ka yi wa mutum ƙwara. Shinkafar za ta ƙare cikin kwana biyu, hoton kuwa yana nan a Facebook da TikTok har jikokinsa su girma su gani. Ba ka nemi izininsa ba. Ko da ka nema, wane mai yunwa ne zai ce a'a ga hannun da ke riƙe da abincin 'ya'yansa? An hane mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, aya ta 264 cikin Suratul Baƙara ta faɗa ƙarara. Gorin da iyayenmu suka sani, baki ne ke furta shi a gaban mutum biyu ko uku, a yi tir da mai yinsa, magana ta wuce. Naka gorin kullum sabo ne, duk wanda ya danna waya ya sake yi wa bawan Allah nan shi, kai kuma kana can kana ƙirga masu sa maka albarka. Wallahi abin yana ci mini rai. A ce mace mai takaba, wadda ko ƙofar gida ba ta saba tsayawa ba, a ja mayafinta a ce, "Mama, buɗe fuska, ba a ganinki." Da mahaifiyarka ce, za ka bari?

Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yawanci akan kawo wannan karin magana a kan mai surutu, wanda ba ya iya riƙe sirri. Amma a ganina babu wanda ta fi hawa kansa kamar mai bayarwa, domin shi ne ya ga abin da ba kowa ya gani ba. Ya ga babu a gidan da ake zaton akwai. Wannan sani amana ce, wurin ajiyarta ciki. Mai kyauta da ba shi da ciki, kyautarsa takan zama abin tsoro, har mabuƙaci ya gwammace ya kwana da yunwa da ya doshi ƙofarsa.

Mutanen da sun san wannan, shi ya sa suka yi wa bayarwa dabaru. Dubi ciyayya. Da magariba yara na ta kai-kawo tsakanin gidaje da kwanuka a rufe da faifai. Gidan mai hali ya aika tuwo da miya mai nama, gidan da babu su ma su aiko da abin da ya sawwaƙa, ko ɗan dambu ne, a karɓa da godiya a ci. Kowa ya bayar, kowa ya karɓa, don haka ba wanda zai nuna wani gida ya ce ga waɗanda ake ciyarwa. Dattijo kuma in zai taimaki ɗan'uwansa, sai ya dunƙule kuɗin a tafin hannu, ya zura masa a cikin musafaha, ya ce, "Ga wannan a saya wa yara alawa," alhali kuɗin cefanen mako ne. Ya ƙanƙantar da kyautarsa da bakinsa don kada ta yi wa mai karɓa nauyi. Malamai kuma suna ba mu labarin Aliyu ɗan Husaini, Zainul Abidina, wanda yake saɓa buhun abinci cikin dare yana ajiyewa a ƙofofin talakawan Madina. Ba su san mai kawowa ba sai da ya rasu abincin ya yanke, masu yi masa wanka kuma suka ga tabon ɗaukar kaya a bayansa.

Na san abin da za a ce. Za a ce bayyana sadaka ba haramun ba ne, yana ma zaburar da wasu, kuma ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin jama'a dole su nuna shaidar inda suka kai su. Duk gaskiya ne. Sai dai ana iya bayyana sadaka ba tare da an bayyana mai karɓarta ba. A ɗauki hoton buhunan, a nuna rasit, a kawo mai unguwa da liman su shaida, su sa hannu. Wanda zai ci amanar kuɗin marayu, hoton tsohuwa riƙe da leda ba zai hana shi ba. Sannan shelar rabo da ake yi don taro ya cika, ta wuce zubar da mutunci, ta kai ga rai. A azumin 2024 mutane, yawancinsu mata, sun rasu a turmutsitsin rabon kuɗi a Bauchi. A Disambar shekarar kuma, cikin 'yan kwanaki kaɗan, fiye da mutum 60 suka mutu a wuraren rabo a Ibadan da Okija da Abuja, da yawansu ƙananan yara.

Mu ma masu kallo muna da namu kason. Mu ne muke turawa gaba, mu rubuta "Allah ya ƙara buɗi," ba mu tsaya mun duba fuskar wanda ke cikin hoton ba. Da za a daina yabon, da an rage ɗaukar.

Wanda yake son bayarwa don Allah, hanya ba ta da nisa. Kowane mai shago a unguwa yana da littafin bashi, kuma ya fi kowa sanin gidan da aka daina aiko yaro saboda kunya. Je ka same shi bayan isha'i, ka ce ya buɗe littafin, ka biya abin da za ka iya, ya soke sunayen. In sun tambaye shi wa ya biya, ya ce musu wani bawan Allah ne.