Ranar hatsari kaɗai muke yara?

Idan saurayi ɗan shekara 20 ya kaɗe mutum da moto tsakanin Madawa da Buza, kahin jandarma su iso kowa ya riga ya tambaya: "Ɗan wa ne?" Ba a tambayar sunanshi. Da dare kuma ƙofar ubanshi anka nufa.

Doka ba ta yi nisa da wanga hali ba. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a aya ta 1384, ya ɗora ma iyaye ɓarnar da ɗansu ya yi in bai kai girma ba kuma yana zaune gidansu. Girman nan a kundin shekara 21 ne, alhali permin mota tun a 18 ake samu. Shekara ukku ke nan kana direba a bisa hanya, kana yaro a gaban alƙali. A fiƙihun Malikiyya ma diyyar kisan kuskure a kan dangin uba take, ana raba musu nauyin.

Na gane hikimar. Wanda anka karya ma ƙafa ba ya cin haƙuri, sai an biya likita, kuma saurayin ba shi da ko akuya. In babu asirans, wadda dokar CIMA ta wajabta ma duk abin hawa mai inji, wa za a kama in ba mai rumbu ba?

Amma ku saurari bakinmu. Muna cewa "moto ta kaɗe shi", "tsautsayi ne", kamar moton ita ta murɗa ma kanta wuta. Kalmar "yaro" kuwa roba ce. Wanga da ya tahi Abijan daga Keita ya aiko kuɗin hatsi, namiji ne, har ana yi mai zancen aure. Ya dawo ya tattake tsohuwa ranar kasuwa, nan take ya koma "yaro ne, a yi haƙuri".

Ni a ganina uban da ya saida albasa ya sayi moto, ya miƙa makulli ya san babu permi, babu birki, shi ma ya tuƙa, ya biya. Uban da ɗa ya sayi tashi da guminshi, ya ƙi jin magana, in ya saida gona don a rufe maganar, alheri ne ya yi, ba bashi ya biya ba. Gonar nan kuma ta ƙannenmu ce, su da ba su hau moton ba.