Birkin Baba

A garin Indabo na ƙaramar hukumar Wudil an yi wani direba da kowa ke kira Baba. Motarsa Peugeot 504 ce, doguwar fijon nan da aka haɗa a Kaduna tun ba a haifi yawancin direbobin tashar ba. Fenti ya koɗe, ƙofar baya sai an sa mata gwiwa take rufuwa, amma fataken garin ba su ɗaukar shatar kowa sai tasa. Kowace Juma'a yakan kwashe su da asuba zuwa kasuwar Wudil, ya jira su a gefen kara har su gama cinikin shanu, ya maido su gida kafin magariba.

Ana saura mako biyu Babbar Sallah, Sarkin Tasha ya tara direbobi ya karanta musu sanarwar ƙaramar hukuma. Ya ce tasha a hannunta take, haka tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma daga yau ba mai yin lodi ko ɗaukar shata sai ya nuna takardar shaidar lafiyar mota daga masu duba motoci. Ya ƙara da cewa ba a hana tsohuwar mota aiki ba, a dai duba ta. Samari masu Golf suka juya suka kalli fijo, wani ya ce a fara yi mata ta'aziyya. Baba bai tanka ba.

Bayan sallar isha'i wani dillalin takardu ya yi sallama a zaurensa. Suka gaisa, aka tambayi iyali, sannan ya matso ya rage murya.

"Baba, motar nan da ni da kai mun san ba za ta tsallake ba. Ka ba ni lambarta da ɗan abin da ya sawwaƙa, jibi takarda na hannunka. Ko tayar da ita ba sai ka yi ba."

Baba ya ce ya ji, a bar shi ya kwana da maganar.

Akwai abin da Baba ya sani wanda ko yaron motarsa bai sani ba. Kwanakin nan in ya taka birki sai ƙafarsa ta nutse, sai ya sake takawa sannan ya kama. Ya saba da shi har ya iya ɓoye shi, yakan fara rage gudu tun daga nesa, fasinja su yi ta yaba natsuwarsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da ke saura bayan an sha mai bai taka kara ya karya ba. Kuɗin da ke gidan duka na ragon layya ne, yana cikin gwangwani a ƙarƙashin katifa. Kuɗin dillali ba zai ci ko rubu'insa ba. Gyara kuwa zai iya lashe shi duka, ga asarar Juma'ar da ta fi kowace ciniki a shekara.

Ya zauna yana ƙirga kuɗin, ya mayar, ya sake ƙirgawa. Uwargida ta shigo da ruwa, ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Malam, su Alhajin da kake ɗauka, sun san birkin sai an lallaɓa shi?" Ya ce ba su sani ba. Ta ajiye kofin ta fita.

Da gari ya waye, Baba ya haɗa fatakensa da yaron nan da ya yi maganar ta'aziyya, shi kuwa ya lallaɓa da fijo zuwa garejin wani bakanike a Wudil. Bakanike ya shiga ƙarƙashi, jim kaɗan ya kira shi ya leƙo. Bututun man birki ya yi tsatsa, yana tsatsafa. Ya danna shi da babban yatsa, sai ya ɓalle a hannunsa. Ya ce, "Baba, da me kake tsayawa?" Baba ya ce da ikon Allah.

Aka sauya bututu, aka sa sabon takalmin birki, aka canja tayoyin gaba biyu. Gwangwani ya koma wayam. Masu duba motoci suka gwada fitilu, suka gwada birki, suka sa hannu. Kasuwar Sallah ta wuce Baba, a shekarar kuma ba a yi layya a gidansa ba, maƙwabta ne suka aiko da nama.

Juma'a ta biyu bayan Sallah, ana shirin tashi, sai ga dillalin nan a guje, yana da sabga a Wudil. Aka matsa masa a gidan gaba. Gab da shiga gari, garken shanu ya ɓullo daga bayan wata babbar mota, wani ɗan yaro makiyayi na gaba da sandarsa a kafaɗa. Baba ya taka birki sau ɗaya. Fijo ta yi ƙara ta tsaya cak, tsakaninta da yaron bai kai kamu biyu ba.

Wata dattijuwa a baya ta hau faɗa, wai an zubar mata da ƙwaryar nono, wane irin tuƙi ne wannan da tsufansa. Baba ya ba ta haƙuri, ya biya ta kuɗin nonon. Dillali kuwa hularsa ta faɗi, bai ko ɗauka ba sai da aka isa tasha. Da ya sauka ya miƙa kuɗin mota, ya ce, "Baba, ashe ka samu takardar." Baba ya ce ya samu. Tun daga ranar, in dillali zai je Wudil, fijo yake jira ko da Golf ta cika saura mutum ɗaya.

Mai karatu, in ka samu gidan gaba a motar haya, ka lura da ƙafar direba a tsayawar farko. In ka ga yana taka birki sau biyu kafin ya kama, ka yi masa magana tun ba ku hau babban titi ba.