Ilimi: Dukiyar Mai Shi Ce, Ko Amana?

Akwai tambayar da ta shafi kowane gida mai ɗa ko 'ya a jami'a: malamin da ya sha wahala kafin ya sami ilimi, yana da iko ya ɓoye wa abokan aikinsa?

Bari mu fara neman amsa a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi. A can, musamman tsakanin 'yan kasuwa Ibo, maigida yakan ɗauki yaro ya shekara da shekaru yana koya masa ciniki: inda ake sarin kaya, yadda ake gane jabu, da wanda ya cancanci a ba shi bashi. Sa'ad da wa'adi ya cika, sai ya sallame shi da jari, ko da yake ya sani gobe yaron nan zai iya buɗe rumfa kusa da tasa. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar. Kaya sun zama toka, amma abin da maigida ya koya wa yaronsa, wuta ba ta taɓa shi ba.

Jami'ar Bayero ma haka ta taso. A 1962 kwaleji ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai a 1977 ta tsaya da ƙafafunta. Duk da haka, a jami'o'i da yawa na ƙasashe masu tasowa, babban malami yakan kulle littafin da ya zo da shi daga Ingila a ofishinsa. Yakan ji labarin tallafin bincike ya yi shiru. Ran da ya yi ritaya kuwa, sai ya tafi da abin da ya tara cikin shekara 30.

Kada mu yi saurin yanke masa hukunci. Ƙarin girma yana dogara ga abin da mutum ya wallafa da sunansa, ɓarayin rubutu kuma suna nan. Wanda aka taɓa sace wa gumi, ba abin mamaki ba ne in ya rufe ƙofa.

Amma wane malami ne ya koyar da kansa? Iyaye sun sayar da hatsi sun biya masa makaranta. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tura malamai ƙaro karatu da harajin da kamfanoni ke biya. Abin da jama'a ta ɗauki nauyinsa, amana ne. A misalin talanti, cikin Matiyu sura 25, bawan da aka hukunta bai saci kome ba, binnewa kawai ya yi.

Saboda haka nauyin kashi biyu ne. Babban malami ya buɗe ƙofarsa, ya ja ƙarami cikin bincikensa. Ƙarami kuwa ya ambaci sunan wanda ya koya masa, hukumar jami'a kuma ta hukunta ɓarawon rubutu, gama ba mai raba abinsa inda ba a riƙon amana.

Allah ya ba malamanmu zuciyar bayarwa. Amin.