Tace Fina-finai da Haƙƙin Sanin Dalili

Hukumomin da ke duba fim kafin ya isa ga jama'a suna yin aiki iri biyu waɗanda ake yawan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne rarrabewa bisa shekaru, wato a sanya wa fim alamar da ke nuna ƙarancin shekarun wanda ya dace ya kalle shi, a bar wa uba da uwa zaɓi. Na biyu kuma shi ne tacewa, wato a yanke wani sashe ko a hana fim ɗin fita gaba ɗaya, ta yadda hukuma ce ke zaɓa a madadin kowa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda doka ta 85 ta shekarar 1993 ta kafa, tana sanya alamomi irin su 12 da 15 da 18, yayin da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da Shari'a, ta fi shahara da aiki na biyu.

Magidancin da ke Birnin Gwari ba ya ƙarƙashin ikon hukumar Kano, domin garinsa yana yammacin Jihar Kaduna, amma da yawa daga cikin fina-finan Hausa da ake tura wa 'ya'yansa a waya sun bi ta hannunta, saboda haka hukuncin da aka yanke a Kano shi ke shiga gidansa, alhali ba a cika gaya masa abin da aka cire ko dalilin cirewa ba. Tambayar ita ce ko hukunci yana iya zama adalci idan an ɓoye hujjarsa, ko da kuwa niyyar mai yanke shi kyakkyawa ce.

Masu kare tacewa suna da hujja mai ƙarfi, domin hani da mummuna wajibi ne, kuma fikihu ya daɗe da bambanta yaron da bai kai wayo ba da wanda ya kai, da kuma baligi, har Sunna ta ambaci shekara 7 da 10 a tarbiyyar salla. Sai dai Shari'ar da ta ba da wannan iko ta kafa masa sharaɗi, kamar yadda aya ta 15 a Suratul Isra'i ta nuna cewa azaba ba ta zuwa kafin sanarwa, kuma malamai sun sharɗanta cewa abin da mai hisba zai hana da ƙarfin hukuma ya zama munkari bayyananne wanda ba a yi saɓani a kansa ba. Lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar Kano daga 2007, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Adam A. Zango kan faifan Bahaushiya, ta ɗaure Rabilu Musa Ibro, sannan a ƙarshen 2008 ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan Tama kan fim ɗin Tsintsiya, kuma 'yan fim da dama suka koma Kaduna da Jos. Abin da ya fi ciwo a waɗannan shari'o'i shi ne saurin da aka yi su da shi, da kuma zargin da ya bazu cewa ma'aunin yana canzawa gwargwadon wanda aka gurfanar, zargin da ƙa'ida rubutacciya dalla-dalla ce kaɗai ke iya kashe shi.

Wannan matsala ba ta Arewa kaɗai ba ce, domin tsarin alamomin da Amurka ta fara a 1968 ya sha suka saboda ɓoye sunayen yawancin masu dubawa, alhali hukumar Birtaniya, wadda aka kafa a 1912, tana wallafa ƙa'idojinta da bayanin dalilin alamar da ta ba fim.

Wani zai ce ɓoye dalili rufin asiri ne, amma rufin asirin da addini ya yi umarni da shi haƙƙin mutum ne a kan aibinsa na ɓoye, kuma bai dace hukuma ta fake da shi ba, domin dalilinta amana ce ta jama'a. Mutanen Birnin Gwari sun san haka fiye da kowa, tun da manoma a ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku sun shafe shekaru suna karɓar umarni daga 'yan bindiga, umarnin da ba a tambayar dalilinsa kuma babu inda ake ɗaukaka ƙara a kansa. Abin da ke ba hukuma halacci shi ne ta faɗi dokarta tun kafin a yi laifi, ta auna babban jarumi da ƙaramin furodusa da mudu ɗaya, ta kuma buɗe ƙofar da wanda aka hukunta zai kai kuka. Ya wajaba hukumomin tace fina-finai, na ƙasa da na jiha, su riƙa wallafa hukuncinsu kan kowane fim da Hausa, tare da dalilinsa, a rediyo da intanet, domin iyayen da ake cewa ana kare 'ya'yansu su ne mafi cancantar sanin abin da ake kare su daga gare shi.